Kurt Landauer: Shugaban Da Ya Gina Bayern Munich Aka Saka Masa Da Gidan Kaso

Duk mai bibiyar harkar ƙwallon ƙafa ya san matsayin ƙungiyar Bayern Munich ta ƙasar Jamus, ƙungiyar da ta ɗauki kambun ƙasarta fiye da sau 30, ta kuma ci kofin zakarun Turai har sau shida. Idan ka shiga gidajen kallon ƙwallo a garuruwanmu, za ka ji matasa suna jero sunayen 'yan wasanta na da da na yanzu, tun daga Beckenbauer da Gerd Müller har zuwa Oliver Kahn da Thomas Müller, suna kuma musu a kan wane ne gwani tsakanin masu horarwa irin su Hitzfeld da Heynckes da Guardiola. Amma da wuya ka sami wanda zai faɗa maka sunan mutumin da ya kafa harsashin wannan gini, ya ɗauko masu horarwa na farko da suka koya wa ƙungiyar salon wasa, ya kai ta ga kofinta na farko. Ba laifin matasanmu ba ne, domin su kansu mutanen Munich sun shafe kusan shekara 50 ba sa ambatonsa. Sunan wannan mutum Kurt Landauer, kuma a kansa nake son in yi tsokaci a yau, saboda a ganina rayuwarsa ta ƙunshi darasi a kan shugabanci, da kuma irin ɓarnar da wariya ke yi wa al'umma.

Na san wani mai karatu zai ce, me ya yi zafi da za a cika shafi guda da labarin Bayahude, alhali ga abin da ke faruwa da Falasɗinawa? Amsata ita ce, zalunci sunansa zalunci ko a kan wa ya faɗa, kuma tarbiyyar da muka tashi a cikinta ta hore mu da yin adalci har ga wanda muka saɓa da shi. Landauer ɗan kasuwa ne, ɗan ƙasar Jamus, wanda ya yi wa ƙasarsa yaƙi, ya yi wa garinsu hidima, rana ɗaya aka wayi gari aka ce shi ba ɗan ƙasa ba ne saboda gidan da aka haife shi. Wanda duk ya taɓa jin an kira shi baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, zai gane abin da nake nufi.

An haifi Kurt Landauer a ranar 28 ga Yuli, 1884, a wani ƙaramin gari mai suna Planegg da ke gefen birnin Munich. Iyayensa 'yan kasuwa ne masu rufin asiri, suna da kantin tufafin mata a tsakiyar birnin. A lokacin ƙuruciyarsa ƙwallon ƙafa baƙon abu ne a Jamus, wasa ne da aka aro daga Ingila, kuma dattawa masu ra'ayin riƙau suna kallonsa a matsayin shashancin ƙetare da zai raba yara da wasannin motsa jiki na gargajiya. An kafa Bayern a watan Fabrairu na 1900, shi kuwa Landauer ya shige ta a 1901 yana ɗan shekara 17, inda ya riƙa tsaron raga a rukuni na biyu. A fagen wasa dai bai yi wani fice ba. Daga nan ya tafi birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan ya koyi aikin banki, ya dawo gida da sanin lissafin kuɗi da kuma buɗaɗɗen ido game da yadda duniya ke tafiya. Waɗannan abubuwa biyu su ne jarin da ya shiga shugabanci da su lokacin da aka zaɓe shi ya jagoranci ƙungiyar a 1913, bai ma cika shekara 30 ba.

Bai daɗe a kan kujera ba Bayern ta ɗauko wani Baturen Ingila mai suna William Townley domin ya horar da 'yan wasanta. Shi wannan Townley ba ƙaramin mutum ba ne, domin shi ne ɗan wasa na farko da ya zura ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na cin kofin ƙalubale na Ingila, a 1890, yana buga wa Blackburn Rovers, kuma ya riga ya kai ƙungiyar Karlsruhe ga kambun Jamus a 1910. Sai dai aikin bai yi nisa ba yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, Ingila da Jamus suka zama abokan gaba, komai ya tsaya cik. Landauer ya ajiye shugabanci ya sa kakin soja, ya tafi ya yi wa Jamus yaƙi kamar sauran samarin zamaninsa. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake cin karo da shi a gaba.

Bayan yaƙi, a 1919, aka sake miƙa masa ragamar ƙungiyar, kuma in ban da hutun shekara guda tsakanin 1921 da 1922, shi ya ci gaba da riƙe ta har 1933. A watan Yuli na 1919 ɗin wani abu ya faru da ya sauya tunanin Bayern baki ɗaya. Ƙungiyar MTK ta birnin Budapest na ƙasar Hangari ta zo Munich wasan sada zumunta, ta lallasa masu masaukinta da ci bakwai da ɗaya. 'Yan Hangari sun zo da wani salo da suka gada daga mutanen Sikotilan, wato ajiye ƙwallo a ƙasa, da gajerun miƙe-miƙe daga ƙafa zuwa ƙafa, da amfani da kai fiye da ƙarfin ƙirji, a lokacin da yawancin Jamusawa suka dogara da gudu da doka ƙwallo sama. Wani shugaban da ya sha irin wannan kashi a gaban jama'arsa, da sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ko ya daina gayyatar waɗanda suka fi ƙarfinsa. Landauer kuwa sai ya ɗauki abin a matsayin karatu. Hausawa na cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, shi kuma ganin MTK ya ishe shi gane cewa ilimin ƙwallo yana can gefen kogin Danube, a Budapest da Vienna, don haka can ya dace a je a nemo shi.

Idan aka dubi jerin waɗanda suka horar da Bayern a zamaninsa, za a ga wannan manufa ƙarara. Townley ya dawo ya yi aiki daga 1919 zuwa 1921. Bayansa aka kawo Izidor Kürschner, Bayahude ɗan Hangari kuma tsohon ɗan wasan MTK, wanda ya taimaka wa Nuremberg ta ci kambun ƙasa a 1921, daga baya kuma ya ƙare rayuwarsa a Birazil bayan ya horar da Flamengo. Sai Jim McPherson ɗan Sikotilan, wanda a hannunsa Bayern ta fara zama zakaran kudancin Jamus a 1926. Sai Leo Weisz, shi ma ɗan Hangari, wanda ya maimaita wannan nasara a 1928. Sai Kálmán Konrád, wani gwanin da ya fito daga MTK, sannan a 1930 aka ɗauko Richard Kohn, haifaffen Vienna ta ƙasar Ostiriya, wanda aka fi sani da laƙabin Dombi. Babu Bajamushe ko ɗaya a wannan jeri, kuma mafi yawansu Yahudawa ne. Abin da Landauer ke tambaya game da mai horarwa shi ne abin da ya iya, sauran bayanai na asali da addini ya bar wa masu su.

Ya kamata a fahimci cewa a wancan zamani babu gasar Bundesliga, domin sai a 1963 aka ƙirƙiro ta. Kowane yanki na da gasarsa, zakarun yankuna kuma su haɗu a wasannin sili-ɗaya-ƙwale har a fitar da gwani na ƙasa. Yankin kudu shi ne mafi tsauri, saboda a nan ne Nuremberg da Fürth suke, kuma waɗannan maƙwabta biyu su suka mamaye ƙwallon Jamus a shekarun 1920, inda Nuremberg kaɗai ta ɗauki kambu sau biyar tsakanin 1920 da 1927. Bayern ba ta ma da filin wasa na kanta, haya take yi a filin Grünwalder na abokiyar hamayyarta ta cikin gari, wato 1860 Munich. An sha matsa wa Landauer lamba ya tara kuɗi ya gina fili, amma ya tsaya a kan cewa kuɗin da ake da shi ya tafi wajen 'yan wasa da masu horarwa da renon yara. Ya ɗora wani amininsa mai suna Otto Beer a kan sashen matasa, sashen ya bunƙasa ya zama abin kwatance a yankin. Haka kuma yana cikin shugabannin da suka goyi bayan a biya ɗan ƙwallo albashi a fili, a lokacin da hukumar ƙwallon Jamus ta kafe a kan cewa karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne, alhali kowa ya san ana biya a bayan fage.

Wannan hanya ba ta ba da 'ya'ya da wuri ba. A 1928 Bayern ta kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, Hamburg ta yi mata dukan kawo wuƙa da ci takwas da biyu. Duk da haka shugaban bai rushe abin da ya faro ba. Masu horarwa sun zo sun tafi, amma makarantar da ake ɗauko su daga cikinta guda ce, saboda haka duk wanda ya zo sai ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. A nan ne nake ganin bambanci tsakanin sauya mai horarwa da sauya alƙibla. Ƙungiyar da ke korar koci duk bayan wasa biyar, ta kawo wani mai salon da ya saɓa da na farko, tamkar manomi ne da ke tone irin da ya shuka kowace safiya don ya ga ko ya tsiro.

Dombi ne ya girbe abin da aka daɗe ana shukawa. Mutum ne da ya yi yawon duniya, ya horar da Hertha ta Berlin, ya horar da Barcelona, ga shi kuma da sanin jinyar raunukan 'yan wasa, har ya kasance shi ne koci, shi ne mai gyaran targaɗe, shi ne mai lura da harkokin yau da kullum na ƙungiya. Da zai zo Bayern daga birnin Mannheim, ya jawo wani yaro mai shekara 18 mai suna Oskar Rohr, wanda ya zama madugun masu cin ƙwallo. A 1932 Bayern ta doke Nuremberg da ci biyu da nema a wasan kusa da na ƙarshe, sannan a ranar 12 ga Yuni ta haɗu da Eintracht Frankfurt a birnin Nuremberg a gaban 'yan kallo kimanin dubu 55. Lokaci ne na matsin tattalin arziki, miliyoyin Jamusawa ba su da aikin yi, har wasu magoya bayan ƙungiyar da ba su da kuɗin jirgin ƙasa suka hau kekuna suka yi tafiyar fiye da kilomita 150 don su shaida wasan. Rohr ya ci ƙwallon farko da bugun fenareti kafin hutun rabin lokaci, Franz Krumm ya ƙara ta biyu bayan an dawo, kyaftin Conny Heidkamp ya jagoranci tawagar zuwa gida da kambun Jamus na farko a tarihin Bayern. Shekara 13 ke nan cif bayan kashin da MTK ta ba su.

Kafin in wuce, bari in nuna wa mai karatu inda wannan labari ya taɓo mu. Shi wannan Oskar Rohr ɗan'uwan kakan Gernot Rohr ne, wato kocin da ya horar da Mena ta Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya kuma riƙe Super Eagles ta Nijeriya daga 2016 zuwa 2021, ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2018 da matsayi na uku a gasar Afirka ta 2019. Shi ma Gernot ya taɓa zama ɗan wasan Bayern a farkon shekarun 1970. Ashe gidan da ya ba Munich ƙwallonta mafi daraja a wancan zamani, shi ne ya ba mu koci bayan shekara 80.

Murnar kofin ba ta kai wata takwas ba al'amura suka juya. A ranar 30 ga Janairu, 1933, Adolf Hitler ya zama shugaban gwamnatin Jamus, kuma birnin Munich shi ne mahaifar jam'iyyarsa ta Nazi. A ranar 22 ga Maris na wannan shekara Landauer ya sauka daga shugabancin Bayern, domin ya gane cewa zamansa a kan kujera zai jawo wa ƙungiyar fushin hukuma. A wannan rana ce kuma aka kai fursunonin farko sansanin Dachau, wanda bai kai kilomita 20 daga Munich ba. Dombi ya bar ƙasar, ya sake komawa Barcelona, ya ratsa ta Suwizalan, daga ƙarshe ya yada zango a Holan, inda ya ci wa Feyenoord kambu a 1936 da 1938, kuma a can Rotterdam ya rasu a 1963. Oskar Rohr, wanda ba Bayahude ba ne, ya fita waje don ya yi sana'ar ƙwallo a fili, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Faransa a 1937 yana buga wa Strasbourg, amma hukumomin Nazi suka ɗauke shi maci amanar ƙasa, da suka kama shi a lokacin yaƙi suka tsare shi a sansani, sannan suka tura shi fagen daga a gabas. Cikin 'yan watanni ƙungiyar da aka shafe shekara 13 ana ginawa ta rasa shugabanta da kocinta da mai ci mata ƙwallo da mai renon yaranta.

Shi kuwa Landauer, wahala ta riƙa zuwa masa daki-daki. Ya rasa aikinsa na shugaban sashen talla a babbar jaridar birnin, ya koma aiki a wani kamfanin tufafi na wasu Yahudawa da albashin da bai kai na da ba. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, aka saki 'yan daba a faɗin Jamus suka ƙona wuraren ibadar Yahudawa, suka farfasa kantunansu, aka kuma kame maza kimanin dubu 30. Washegari aka kama Landauer, yana da shekara 54, aka kai shi Dachau. Ya yi kwana 33 a tsare kafin a sake shi, kuma abin da ya cece shi shi ne aikin sojan da ya yi a yaƙin farko. A watan Mayu na 1939 ya samu ya tsallaka Suwizalan, ya zauna a birnin Geneva a matsayin ɗan gudun hijira da ba shi da izinin aiki, yana rayuwa da taimakon abokan arziki. 'Yan'uwansa huɗu da suke ciki ɗaya, maza uku da mace ɗaya, duk sun hallaka a hannun 'yan Nazi, sai 'yar'uwarsa guda da ta tsira saboda ta yi hijira tun da wuri. Otto Beer, mai renon yaran Bayern, an kwashe shi da iyalinsa zuwa Kaunas ta ƙasar Lituweniya a 1941 aka kashe su a can. Waɗannan kaɗan ne daga cikin Yahudawa miliyan shida da aka hallaka a wancan zamani.

A nan akwai wani batu da gaskiya ta wajabta a faɗa. An daɗe ana ba da labarin cewa Bayern ta bijire wa 'yan Nazi, ana kafa hujja da cewa maƙiyanta sun riƙa yi mata laƙabi da ƙungiyar Yahudawa, da kuma cewa wanda ya gaji Landauer, Siegfried Herrmann, amininsa ne. Akwai ma labarin da ake yawan maimaitawa cewa da 'yan wasan suka je Zurich a 1943 sun hango tsohon shugabansu cikin 'yan kallo suka gaishe shi, duk da jami'an asiri da ke biye da su, labarin da wasu masana tarihi suka sa wa alamar tambaya. Amma tarihi ya nuna cewa Bayern na cikin ƙungiyoyin kudu da suka sa hannu a wata sanarwa a Stuttgart a watan Afrilu na 1933, ta amincewa da raba Yahudawa da harkar wasanni, kuma a 1935 ta sa dokar wariyar jinsi cikin kundin tsarinta. Binciken da ita kanta ƙungiyar ta nemi cibiyar nazarin tarihin zamani ta Munich ta gudanar, wanda aka wallafa a 2022, ya tabbatar da cewa Bayern ta bi sahun sauran ƙungiyoyi ne, kuma da yawa cikin jami'anta sun shiga jam'iyyar Nazi. Ni a ganina wannan ya ƙara wa abin da Landauer ya yi daga baya nauyi, kuma ƙungiyar ta cancanci yabo da ta yarda aka buɗe mata kundi, domin ba kowa ke iya kiran mai bincike ya tono abin kunyar gidansu ba.

Yaƙi ya ƙare a 1945, Munich ta zama kufai. Landauer na da takardar izinin tafiya Amurka, inda da yawa daga waɗanda suka tsira suka nufa, kuma babu mai ganin laifinsa da ya juya wa Jamus baya har abada. Amma a tsakiyar 1947 sai ga shi ya dawo garinsu, yana da shekara 62, kuma a watan Agusta aka sake zaɓensa shugaban Bayern. Dawowar tasa ta zame wa ƙungiyar garkuwa, domin sojojin Amurka da ke mulkin yankin suna tantance duk wata ƙungiya da shugabanninta, kuma babu wanda zai tuhumi tsohon fursunan Dachau da zama ɗan Nazi. Ya yi amfani da mutuncinsa wajen daidaita al'amuran ƙungiyar da hukuma, ya kuma matsa wa majalisar birni har ta ba Bayern filin atisaye a titin Säbener a 1949, wurin da har yau nan ne hedikwatarta. Ya zauna a teburi ɗaya da mutanen da suka yi shiru ranar da aka kore shi, wasunsu ma sun sa rigar jam'iyyar da ta kashe 'yan'uwansa, ya yi aiki da su saboda ƙungiyar da yake ƙauna. Ana iya saɓani a kan ko wannan yafiya ce ko kuwa kawar da kai, amma babu saɓani a kan cewa Bayern ce ta ci ribar abin.

Sakayyar da ya samu ita ce, a taron shekara na 1951 aka haɗa kai aka kayar da shi a zaɓe, inda 'yan sassan sauran wasanni, musamman masu ƙwallon hannu, suka taka rawa saboda ƙorafin cewa ya fifita ƙwallon ƙafa. Jimillar shekarunsa a kan kujera ta kai kimanin 18, kuma har yau babu shugaban Bayern da ya kai shi daɗewa. A 1955 ya auri Maria Baumann, wadda ta daɗe tana aiki a gidan iyayensa, wadda kuma suka shafe shekaru suna son juna, dokokin wariya da gudun hijira suka raba su. A wannan shekara ce kuma Bayern ta faɗo daga rukunin farko na yankin kudu. Ya rasu a Munich a ranar 21 ga Disamba, 1961, yana da shekara 77, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa ta birnin.

Mai karatu ya dubi tsawon lokacin da ƙungiyar ta ɗauka kafin ta farfaɗo. Da aka kafa Bundesliga a 1963 ba a ma sa Bayern a ciki ba, 1860 aka ɗauka ta wakilci birnin. Sai a 1965 ta samu shiga, kuma sai a 1969 ta sake cin kambun ƙasa, shekara 37 bayan na farko. Abin lura shi ne yadda aka yi ta dawo. Shugabanta na lokacin, Wilhelm Neudecker, ya ɗauko Zlatko Čajkovski daga Yugoslabiya, wanda ya tattara yara irin su Beckenbauer da Sepp Maier da Gerd Müller ya ba su dama, bayansa kuma wani ɗan ƙasarsu, Branko Zebec, ya ci kambun 1969. Wato baƙon koci mai ilimi da yaran gida, hanyar nan dai da Landauer ya shimfiɗa tun shekarun 1920. Waɗanda suka kore shi da sunan tsarkake ƙwallon Jamus ba su tsinana wa ƙungiyar komai ba illa mayar da ita baya da shekaru masu yawa. Haka wariya take, wanda aka kora yakan tafi da iliminsa ya amfani wasu, kamar yadda Dombi ya amfani Holan, masu korar kuma su zauna da asara.

Duk da haka sunan Landauer ya ɓace a bakin mutane, har manyan 'yan wasan da suka tashi a titin Säbener ba su san wanda ya samo musu filin ba. Waɗanda suka tono shi matasa ne 'yan kallo, wata ƙungiyar magoya baya mai suna Schickeria, da suka fara shirya gasar tunawa da shi a 2006, suka riƙa ɗaga hotonsa a filin wasa, tare da marubuta irin su Dietrich Schulze-Marmeling da ya wallafa littafi a kan Bayern da Yahudawanta a 2011. Daga nan shugabanni suka farga. A 2013 aka naɗa shi shugaban girmamawa shekara 52 bayan rasuwarsa, a 2014 aka yi fim a kan rayuwarsa, a 2015 aka raɗa wa dandalin gaban filin Allianz Arena sunansa, a 2019 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a hedikwatar ƙungiyar. An makara, amma dai gara makara da ƙin zuwa.

Daga ƙarshe, kirana ga duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon wata ƙungiya, ta wasa ce ko ta wani abu daban, shi ne ya dubi yadda wannan mutum ya yi da kayen 1919, ya nemo masu ilimi duk inda suke, ya zuba dukiya a kan mutane, ya kuma yi haƙurin jiran sakamako. Mu kuma sauran jama'a mu tuna cewa waɗanda suka bari aka kori Landauer ba dodanni ba ne, maƙwabtansa ne da suka yi rawa tare da shi a watan Yunin 1932, suka kuma sunkuyar da kai a watan Maris na 1933. Duk ranar da aka fara tambayar asalin mutum ko addininsa kafin a dubi aikinsa, to an kama wannan hanya, kuma tarihin Jamus ya nuna inda take ɓullewa. Allah ya kiyashe mu da zalunci, ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, ya kuma sa mu zama masu tuna alherin waɗanda suka riga mu, amin.